Wai ta yaya sihirin fili ke zaɓen waɗanda zai daka?

Sabon_Shiga:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu buga gem ɗin kwamfuta na Guild Wars 2 ku taimaka min. Jiya na kwaso dodanni sun kai tara, na tattara su waje ɗaya na sauke musu wutar nan da ake zana da'ira a ƙasa, amma lambobin damej (wato ɓarnar da dukan ya yi) biyar kacal na ga sun tashi, sauran ko gezau, alhali da idona na gansu cikin da'irar. Abin da ya fi ƙona min rai akwai wani da jininsa saura ƙiris, wutar ta tsallake shi, kuma shi ne ya zagayo ya kwantar da ni. Wai gem ɗin canki-canka yake yi ne ko akwai ƙa'ida?

Bokan_Wuta:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ba canki-canka ba ne. A wannan gem ɗin yawancin sikil na fili, wato dabarun duka masu rufe waje guda, mutum biyar suke kamawa, sara da takobi kuma galibi uku, ka ɗora linzamin kwamfuta kan sikil ɗin za ka ga an rubuta adadin. In sun wuce biyar to waɗanda suka fi kusa da tsakiyar da'irar ake fara ɗauka, babu ruwansa da mai jini kaɗan ko mai jini da yawa, shi ya sa naka ya tsira, ina kyautata zaton a baki-baki yake tsaye. Kuma in wutar mai ci a hankali ce, duk bugu ɗaya sai an sake lissafi, to da sun motsa biyar ɗin ma canzawa suke. Ni dai yanzu wanda nake so ya mutu a kansa nake ɗora tsakiyar, ba na neman tsakiyar taron.

Mai_Garkuwa:
Gaskiya Bokan_Wuta ya faɗa, amma fa kar ka ɗauka ko'ina haka ne. Mu a World of Warcraft mun sha wannan rigimar, da ƙarin gem ɗin mai suna Shadowlands ya fito a 2020 suka ƙayyade sikil da yawa kan biyar ko takwas, mutane suka yi ta ƙorafi don tanki, wato mai tare wa 'yan ƙungiya duka, zai jawo taro guda ka ga rabi ba a taɓa su, sai a 2021 suka sassauta, ya koma kowa na shan duka amma damej ɗin na raguwa in an wuce adadin. Wallahi wannan ya fi min adalci nesa ba kusa ba. Sannan akwai masu tsalle irin Chain Lightning, shi kai ne ke zaɓen na farko, daga nan ya faɗa kan na kusa da shi, a tsohon gem ɗin uku yake kamawa kuma kowane tsalle ƙarfinsa na sauka da kashi 30 cikin ɗari. Ga kuma bango, in ginshiƙi ya shiga tsakaninka da dodo to Arcane Explosion, sihirin da ke fashewa kewaye da kai, ba zai same shi ba ko da taku biyu ne.

Yar_Baka:
Ku ƙara da lag, wato jinkirin intanet. Saba, wato babbar kwamfutar da gem ɗin ke gudana a kanta, ita ce ke yanke hukuncin inda dodo yake, ba allonka ba, in intanet ɗinka na ja sai ka ganshi cikin da'ira alhali ya riga ya fita.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai, na gwada yanzu na ɗora tsakiyar kan mai sihirinsu, shi ya fara faɗuwa. To warkarwa fa, ita ma na kusa take bi?

Bokan_Wuta:
Ita 'yan ƙungiyarka take fara dubawa kafin baƙi, shi ya sa a babban yaƙi ake raba mutane biyar-biyar a sa mai warkarwa ɗaya a kowane rukuni. In kai kaɗai kake yawo ba ka shiga rukunin kowa ba, sai abin da ya rage zai iso ka.