Na cika wa 'yan wasana aljihu da zinare, yanzu na rasa yadda zan yi

Mai_Jan_Wasa:
Assalamu alaikum jama'a. Yau wata biyar ke nan ina ja wa abokaina huɗu wasan Dungeons & Dragons, bugu na biyar, wato wasan labari da ake yi da baki da dayis: ni ke ba da labarin, su kuma kowa na riƙe da jaruminsa. Makon jiya na tafka kwaɓa. Sun kashe sarkin 'yan fashi a kogonsa, suka fasa akwati, na duba takardata na karanta musu zinare 12,000. Ashe 1,200 na so rubutawa, sifili ɗaya ne ya yi min shisshigi. Kafin in farga, mai riƙe da ɓarawon ƙungiyar ya riga ya raba, kowa 3,000, kuma da biro ya rubuta, ba fensir ba.

A mataki na 3 fa suke, wato jarumansu ba su yi nisa a ƙarfi ba tukuna. Mayaƙin ya je ya sayi cikakken sulken ƙarfe na 1,500, wanda na so ya yi ta tari har mataki na 6 kafin ya gan shi. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya kashe min jiki, suka buɗe littafin dokokin wasan suka ga sojan haya zinare 2 ne a rana, suka ɗebi mutum ashirin. Kwanton ɓaunar da na kwana biyu ina shiryawa a bakin gada, ko minti goma ba ta kai ba.

To nawa ya kamata jarumi ya mallaka a wannan matakin? Kuma in na turo musu ɓarayi da dare su kwashe, na yi zalunci?

Tsohon_Hannu:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka turo ɓarayin nan. 'Yan wasa ba yara ba ne, za su gane hannunka ne a cikin rigar ɓarawon.

Tambayi kanka tukuna: yaya aka yi suka fito da kuɗin? A dokar bugu na biyar tsaba 50 laba ɗaya ce. Zinare 12,000 ya kama laba 240, sama da kilo 100, a kan makamai da igiya da fitila. Ka tsallake wannan wurin, kuma nan ne daɗin yake. A tsofaffin bugu, tun wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, kowane zinare da ka kai gida maki ɗaya ne na hawa mataki. Don haka mutane ba su damu da kashe dodo ba, damuwarsu yadda za su sungumi akwatin su tsere. Mun taɓa ɓata dare guda muna gardamar alfadari nawa za mu saya. Kuma kuɗin na da inda za su: mayaƙi ya kai mataki na 9, sai ya gina ganuwa ya tara dakaru. Ba wanda ke cewa kuɗi sun yi yawa, don ganuwa ba ta ƙoshi.

Malam_Lissafi:
Bari in kawo lambobi, tunda su ka nema. Bugu na 3.5, na 2003, yana da jadawalin dukiya na kowane mataki: zinare 2,700 a na 3, 9,000 a na 5, 49,000 a na 10, har 760,000 a na 20. Ka ga da can kake, kuskurenka ya kusa zama daidai. Amma a can kuɗi ƙarfi ne kai tsaye, domin takobi mai sihiri ana sayensa a kasuwa, kuma an auna ƙarfin dodanni bisa zaton cewa ka kashe rabonka a kan irin waɗannan kaya. Wanda aka tauye masa kuɗi zai sha duka.

Bugu na biyar, na 2014, ya yanke wannan igiyar. Kayan sihiri ba a cika sayar da su ba, kuma manyansu guda uku kacal mutum zai iya amfani da su a lokaci guda. Bayan sulke da dokin yaƙi na 400, mayaƙi ya gama sayayya. Shi ya sa ba za ka ga irin wancan jadawalin a matsayin tilas ba. Matsafi dai yana da rami a aljihu, zinare 50 da awa biyu a kan kowane matakin tsafin da zai kwafa a littafinsa.

Gimbiya_Baka:
Ni 'yar wasa ce, ba mai ja ba, kuma an taɓa yi min abin da kake shirin yi. Wata shida ina tara kuɗin jirgin ruwa, 10,000 yake a littafi. Na kai 7,000 da wani abu, a bayan takardata har na zana jirgin da tutarsa. Muka kwana a masauki, mai jan wasa ya ce mun tashi jakar babu. Ko dayis bai ce in jefa ba. Daga ranar, duk abin da na samu a take nake kashewa, kuma na daina sauraro in yana kwatanta taska.

Yaya, ka tambaye su me suke so su yi da kuɗin. Mutum ashirin ɗin nan ba itace ba ne. Suna ci, suna tsoro, wani zai ce shi gadi aka ɗauke shi yi, ba shiga kabari ba. Zinare 40 ne kullum, 1,200 a wata. In ɗaya ya mutu a bakin gada, matarsa za ta zo ƙofar masauki. Shi kuma hakimin garin, me zai ce da ya ga baƙi huɗu da rundunarsu? Kuma dukiyar sarkin 'yan fashi ai ta mutanen da ya yi wa fashi ce. Su zo da shaida su nema, ka bar 'yan wasa su zaɓi bayarwa ko hanawa.

Malam_Lissafi:
Ƙari kan nata: da sun kai mataki na 5, tsafin tayar da wanda bai wuce minti ɗaya da mutuwa ba yana cin lu'ulu'u na 300 duk lokacin da aka yi shi. Ka bari mai warkarwarsu ya ji labarin tun yanzu, za ka ga ya fara rowa.

Mai_Jan_Wasa:
Na gode ƙwarai. Jiya na faɗa musu gaskiyar sifilin, suka yi min dariya har da hawaye, aka ce kuɗi dai sun zauna. Na tambaye su burinsu kamar yadda Gimbiya ta ce. Ɓarawon yana son sayen masaukin da suke kwana, matsafiyar kuma wai makaranta za ta buɗe. Mayaƙin ne ya shiga uku: sun zo yin sanɗa a bayan wani sansani, na tuna masa cewa sulken nan ƙara yake, dayis biyu zai jefa ya ɗauki ƙaramin. Ya samu 3. Yanzu yana tambaya ko maƙerin zai karɓi kayansa a rabin kuɗi.