Tseren laka: na riga na biya kuɗi, yanzu kuma gabana na faɗuwa

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Shekarata uku ina aikin jinya a Leeds, kuma duk fitar da abokan aiki suka shirya sai in zille, don a mashaya ake ƙarewa. Har wata ta taɓa tambayata ko ƙyamarsu nake yi, maganar ta tsaya min a rai. Shi ya sa da aka ce za a shiga tseren laka, irin su Tough Mudder ɗin nan, don tara wa marasa lafiya kuɗi, na ce a sa sunana. Kilomita 5 ne. Jiya na kalli bidiyo: rarrafe ƙarƙashin waya mai ƙaya, faɗawa ruwan ƙanƙara, ga wayoyin lantarki suna reto. Saura sati uku. Ya zan yi da hijabi? Ko in janye?

Ɗan Zazzau: Ƙanwata, kada ki janye! Ni sau huɗu na yi. Tun 1987 aka fara wani tseren laka mai suna Tough Guy kusa da Wolverhampton, cikin hunturu ma, ke naki wasan yara ne. Ki guji kayan auduga, suna shan ruwa su yi nauyi kamar buhun siminti. Hijabin 'yan wasa wanda ake zurawa, ba mai allura ba. Ki ɗaure takalmi tamau, laka na cire wa mutum shi. Ki rufe baki in kin faɗa, ki liƙe duk wani rauni, a gonakin dabbobi ake yin tseren.

Hajiya Babba: Ke 'yar nan, katangar da ake haurawa a tseren fa? Maza ne ke miƙo hannu su jawo mutum, wani ya turo ta baya. Kin yi tunanin wannan? Maigidan ya sani?

Maman Biyu: Hajiya, mata biyar ne a ƙungiyarmu, su za su ja ni. Maigida kuma na ce masa gudu ne, ai ban yi ƙarya ba.

Ɗan Zazzau: Hajiya, ana kewaye duk abin da ba a so, har lantarkin. A wani tseren mai suna Spartan ne a da ake horon mutum da motsa jiki sau 30 in ya kasa. Wanda ya yi Man O' War a sansanin bautar ƙasa ya wuce wannan.

Uwar Gida Bradford: Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, kullum mu ne za mu bi nasu. Na kai dambun nama wurin aiki ranar sallah, ko taɓawa ba su yi ba, ɗaya har da tambayar ko ulu ne.

Likitan Ƙashi: Kina gudu dama? Akwai wani tsohon ciwo?

Maman Biyu: Gwiwata ta dama takan kumbura tun haihuwar 'yan biyu, amma ai aikinmu tsayuwar awa 12 ce, ta saba.

Likitan Ƙashi: Tsayuwa daban, dirowa daga katanga kan santsi daban. A duba ta tukuna.

Ɗan Zazzau: Likita, kar ka tsorata ta. Ta ɗaura bandeji kawai.

Maman Biyu: Ni fa ba gwiwa na tambaya ba. Mutane sun riga sun ba da gudummawa da sunana, da wane ido zan kalle su? Wurin canza kaya fa, a rufe yake?

Uwar Gida Bradford: Dambun nan fa daga Kano aka aiko min shi.