Na sha kaye a zaɓen ƙungiyarmu: in taya abokin takarata murna ko in ƙi amincewa?

Ɗan Kasuwar Hatsi:
Assalamu alaikum. Ranar Asabar da ta gabata aka yi zaɓen shugabannin ƙungiyarmu ta masu sayar da hatsi, kuma bayan shekara huɗu ina riƙe da kujerar shugaba, wani ƙanena a sana'a, wanda ni na koya masa awo da ɗinkin buhu, ya kayar da ni da ratar ƙuri'a 11. Tun daga daren nan mutanena suke zarya a ƙofar gidana, suna cewa kada in kuskura in taya shi murna, domin a faɗarsu an bar waɗanda ba su biya kuɗin wata ba sun kaɗa ƙuri'a. Ni kuwa zuciyata sai komawa take yi kan wayar taya murna da Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari bayan ya sha kaye a zaɓen shugaban ƙasa na 2015. Shin abin da ya yi dattako ne da ya kamata irina ya yi koyi da shi, ko kuwa rashin mafita ne aka yi wa ado da suna mai daɗi?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya sa hakan shi ne mafi alheri. Wanda bai ga 2011 ba, da wuya ya san nauyin wayar nan. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na watan Afrilun shekarar an yi kwana uku ana tarzoma a jihohi 12 na Arewa, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa sama da mutum 800 ne suka rasa rayukansu. Shi ya sa da zaɓen 28 ga Maris 2015 ya gabato, baƙi da yawa suka kulle shagunansu suka kwashe iyali zuwa garuruwansu, mu da muka zauna kuma muka tanadi gero da man girki kamar masu jiran yaƙi.

Ranar Talata 31 ga Maris ina zaune da rediyo a tsakar gida aka ce Godsday Orubebe, wakilin jam'iyyar Jonathan, ya karɓe makirufo a zauren tattara sakamako a Abuja, yana ɗaga wa shugaban hukumar zaɓe na lokacin, Farfesa Attahiru Jega, murya, har maiɗakina ta fara kiran yara su shigo gida. Da yammacin ranar, tun Jega bai kammala bayyana sakamako ba, sai labari ya zo cewa Jonathan ya kira Buhari ya taya shi murna. Da aka gama lissafi Buhari yana da ƙuri'a miliyan 15.4, Jonathan miliyan 12.8. Abin lura shi ne lokacin da ya zaɓa. Da ya jira kwana biyu, da masu zuga sun riga shi bakin magoya bayansa, kuma idan ran jama'a ya riga ya ɓaci, ko shugabansu ba ya iya mayar da su gida. Batun rashin mafita kuwa ban yarda da shi ba, domin mutumin da sojoji da 'yan sanda da baitulmali suke hannunsa yana da hanyoyin jan rigima da yawa, ko da daga ƙarshe ba za su fisshe shi ba. Laurent Gbagbo ya bi irin wannan hanya a Kodebuwa bayan zaɓen 2010, kuma kimanin mutum 3,000 suka halaka kafin a kama shi.

Hajiya Ma'aji:
Malam, na yarda da yawancin bayaninka, amma ina tsoron kada Alhaji ya fahimci cewa duk wanda ya nemi a binciki zaɓe ya rasa dattako. Buhari kansa ya faɗi a 2003 da 2007 da 2011, kuma duk sau ukun sai da ƙarar ta kai Kotun Ƙoli. A Ghana ma Nana Akufo-Addo ya ƙalubalanci zaɓen 2012 a kotu, da aka yanke hukunci a watan Agustan 2013 ya ce bai gamsu ba amma ya amince, magana ta mutu a nan. Wanda ya kamata a guji halinsa shi ne Yahya Jammeh na Gambiya, wanda ya taya Adama Barrow murna a gaban talabijin ranar 2 ga Disamba 2016, bayan mako guda ya lashe amansa, ƙarshe sai da dakarun ECOWAS suka tsallaka iyaka sannan ya bar ƙasar a watan Janairun 2017. Saboda haka, Alhaji, kafin ka furta komai ka sa a ɗauko littafin kuɗin wata, a zauna da dattawan kasuwa biyu ko uku a ƙirga waɗanda ake zargi. Idan yawansu bai kai 11 ba, ka san ka faɗi ko da an cire su. Na yi shekaru ina riƙe da asusun wata ƙungiyar mata, kuma na ga yadda mutum yake taya murna da rana, da dare kuma ya hana makullin ofis.

Ɗan Zangon Kumasi:
Ina goyon bayan Hajiya, sai dai zan ƙara da abin da ke biyo baya, domin nan ne wuyar take. A Ghana, John Mahama ya sha kaye a 2016 yana kan mulki, ya kira Akufo-Addo, ya miƙa mulki a watan Janairu. Shekara takwas ya yi a waje, ya sake faɗuwa a 2020, sannan jama'a suka mayar da shi a zaɓen 7 ga Disamba 2024, inda abokin takararsa Mahamudu Bawumia ya amsa shan kaye washegari da safe tun hukumar zaɓe ba ta ce komai ba. Ban ce duk wanda ya rungumi ƙaddara zai dawo ba, domin Jonathan bai koma kujerarsa ba, ko da yake shi ECOWAS ta ɗora wa shiga tsakani a rikicin Mali a 2020. Amma a watannin da waya za ta daina ƙara, masu rakiya zuwa masallaci su ragu, a nan za ka ji gaskiyar da kujera ta hana a faɗa maka. Ka tambayi kanka, Alhaji, yadda aka yi yaron da ka koya wa awo ya fi ka jama'a a kasuwar da ka girme shi a cikinta.

Ɗan Kasuwar Hatsi:
Na gode muku, Allah Ya saka da alheri. Jiya bayan Isha'i mun duba littafin tare da limamin kasuwa da magatakarda, mutum huɗu ne kawai ake bin su kuɗin wata, biyu daga cikinsu ma nawa ne. Tambayar ɗan'uwa na Kumasi ta hana ni barci, domin na tuna cewa rumfunan layin baya sun yi damina biyu suna kukan magudanar ruwa ina ce musu sai an ga hali. Gobe bayan La'asar in sha Allahu zan je rumfarsa da littafin asusu da hatimi da makullin ofis, kuma na gaya wa mutanena cewa duk mai son raka ni ya zo.