Wa ke raɗa wa duwatsun Antaktika suna?

Malamin Labarin Ƙasa, Gusau:
Assalamu alaikum, malamai. Jiya ina koyar da darasin nahiyoyi sai wata ɗaliba ta tambaye ni cewa, tun da an ce babu wata al'umma da ke da asali a nahiyar Antaktika, wane ne ya raɗa wa duwatsunta suna? Ta kawo misali da dutsen Kwatarkwashi, wanda mutanen da ke zaune a gindinsa suka gaji sunansa kaka da kakanni. Na amsa mata a taƙaice, amma ban gamsu da amsar tawa ba. Ina neman ƙarin bayani, musamman a kan dutse mafi tsawo a can.

Baban Hafsa, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Malam. Dutsen da ka tambaya shi ne Vinson, mai tsawon mita 4,892, wato ya ninka Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, ko da yake bai kamo Kilimanjaro ba. Yana cikin jerin duwatsun Ellsworth, kimanin kilomita 1,200 daga tsakiyar ƙarshen kudancin duniya, kuma ƙanƙara ta lulluɓe shi rani da damina, in ma za a iya maganar damina a wurin da ba a san ruwan sama ba. Jirgin saman sojan ruwan Amurka ne ya hango shi a shekarar 1958, sannan wani kwamitin gwamnatin ƙasar mai ba da shawara kan sunayen wuraren Antaktika ya sa masa sunan Carl Vinson, ɗan majalisar wakilai daga jihar Jojiya, wanda ya shekara hamsin a majalisa kuma ya goyi bayan a kashe kuɗi wajen binciken nahiyar. Ba a hau ƙololuwarsa ba sai a watan Disamban 1966, lokacin da ayarin Amurkawa ƙarƙashin jagorancin Nicholas Clinch ya kai can. A ganina abin lura shi ne, ba wanda ya hau dutsen ne ya samu sunan ba, wanda ya taimaka aka fitar da kuɗin binciken nahiyar ne.

Hajiya Malama, Argungu:
Bayanin Baban Hafsa daidai ne, sai dai ba kullum 'yan siyasa ke cin sunan ba. A 1841 matuƙin jirgin ruwan nan na Ingila, James Clark Ross, ya ga duwatsu biyu a wani tsibiri, ya sa musu sunayen jiragensa, Erebus da Terror. Shi Erebus dutse ne mai aman wuta, tsawonsa mita 3,794, ƙanƙara a jikinsa, narkakken dutse kuma na tafasa a cikin ramin bakinsa. Malam, idan ka faɗa wa ɗalibarka haka, ka shirya wa tambaya ta gaba.

Ɗan Zuru:
Malamai, ku ba ni dama in ƙara wani abu. Akwai duwatsun da aka raɗa wa suna ba tare da ido ya taɓa ganinsu ba. Jerin duwatsun Gamburtsev a gabashin nahiyar a binne yake ɗungurungum a ƙarƙashin ƙanƙara, kuma masu bincike na Tarayyar Sobiyet ne suka gano shi da na'urori a 1958, suka sa masa sunan wani masanin kimiyyar ƙasa na ƙasarsu. Yarjejeniyar Antaktika da ƙasashe 12 suka sa wa hannu a 1959 ta jingine maganar mallakar yanki, amma ba ta kafa hukuma guda ta raɗa suna ba, don haka ƙasashe ke da kwamitocinsu, har a kan samu wuri ɗaya da sunaye biyu a taswirori daban-daban.

Malamin Labarin Ƙasa, Gusau:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ranar Litinin zan fara da Erebus, domin na san shi ne zai hana su gyangyaɗi.