Babur marar giya ya ƙi tashi da maɓalli, ko laifin batiri ne?

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum. Ina zaune a Tawa, kuma babur ɗina irin marar giyar nan ne da ake murza hannu kawai ya tafi. Yau kwana biyar ke nan idan na danna maɓallin tayarwa ba na jin ko ƙas, alhali fitilun gaba suna kamawa, ham ma yana kaɗawa. Da ƙafa yana tashi nan take. Wani makanike ya ce in sayi sabon batiri, amma wanda ke ciki bai cika wata takwas ba, shi ya sa na tsaya neman shawara.

Mai Gyara na Yamai:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka taɓa aljihunka tukuna. Irin waɗannan baburan an yi su ne yadda maɓallin ba ya aiki sai an matse birki, domin kada injin ya tashi babur ya fizge daga hannun mai shi. Ka kunna makulli, ka matse hannun birki na hagu, wani ya duba maka fitilar baya, sannan ka sake da na dama. Idan ba ta kama ba, ɗan makunnin da ke maƙale a gindin hannun birkin ne ya mutu ko wayarsa ta tsinke, ƙurar hunturu kuwa ba ta barin sa lafiya. Ka duba jigon tsayarwa na gefe ma, domin a wasu samfurori yana yanke wuta muddin yana ƙasa.

Bakonne:
Ni dai ba zan yi saurin wanke batirin ba, Maigida, don zafin Afrilu da Mayu a ƙasar nan yana gajarta ransa ƙwarai, kuma batirin da ya ishi ham ba lalle ne ya iya juya injin ba. A sa masa na'urar awo: injin a kashe ya kamata ya nuna kusan volt 12.6, idan ya tashi kuma tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, to caji ne ba ya shiga, sabon batiri ma haka zai mutu.

Mai Gyara na Yamai:
Gaskiyarka, ɗan'uwa, sai dai batiri mai rauni yakan bar rele, wato ɗan makunnin da ke kai wuta ga abin tayar da injin, ya yi ƙas-ƙas, shi kuwa ya ce shiru yake ji.

Ɗan Adar:
Allah Ya saka muku da alheri. Fitilar birki ba ta kama da hannun hagu ba, amma da na matse na dama sai babur ya tashi. Da muka kwance murfin, mun tarar da wayar ta tsinke daidai inda kan babur ke lanƙwasa ta. A wurin fizibil (fiyus) kuma wani ya taɓa naɗa zaren jan ƙarfe, na sa an cire shi an mayar da na amfiya 10 kamar yadda aka rubuta a murfin. Awon caji sai gobe, domin mai na'urar ya tafi Konni.