Neman kalma: bugun da ake yi da wajen igiyar takalmi

Koci Aboabo: Salamu alaikum. Ranar Asabar za a karanta darasi a rediyo don masu horar da yara ƙwallon ƙafa a Kumasi, rubutun kuma gobe da la'asar ake son sa. Me za mu kira instep drive da Hausa? Wato a miƙe yatsu ƙasa, a ƙulle idon sawu, ƙashin da ke ƙarƙashin igiyar takalmi ya sami tsakiyar bol. Irin wadda Muntari na Ghana ya ci Uruguay daga nesa a Gasar Kofin Duniya ta 2010.

Ɗan Asawase: Bugun bayan ƙafa. Yadda ake cewa bayan hannu.

Yaya Nima: A nahawu daidai ne, a fili kuwa matsala. Ka ce wa yaro bayan ƙafa, da dunduniya zai buga maka. Doron ƙafa ya fi.

Malam Tafsiri: Bugun aradu! Gajere, ga daɗi a bakin mai sharhi. Ku tuna ta Tony Yeboah a ragar Liverpool a 1995.

Yaya Nima: Malam, waccan a sama ya tare ta, ba ta sauka ba, darasinta daban. Kuma aradu ƙarfi kawai take faɗa. Yaro ya ji ta, sai ya saki ƙafa iya ƙarfinsa, ya jingina baya, bol ta tashi. Ƙafar da ke tsaye ita ke saiti: a dasa ta a gefen bol, tazarar kamar taƙi ɗaya, yatsunta na kallon inda ake nufa. Ta tsaya a baya, bol ta yi sama. Ta matse da yawa, ƙugu ba ya samun wurin juyawa. Gwiwa da ƙirji a kan bol, ido a kanta har a taɓa. Fanaretin Asamoah Gyan na Ghana a wannan wasan na Uruguay ba ƙarfi ya rasa ba, daga mita 11 ya daki ƙarfen sama.

Alhaji Daidaito: Tun farko mene ne "bol"? Ƙwallo ko tamaula. Kuna neman sabuwar kalma alhali kun yar da tsohuwa.

Ɗan Asawase: Alhaji, da girmanka, je filin wasa na Baba Yara a Kumasi ka ce tamaula ka ga wa zai waiwayo. Hausar Zango ba ta jiran hatimin Kano.

Alhaji Daidaito: Rediyo makaranta ce, ɗana.

Malam Tafsiri: Shi ya sa na ce aradu, babu aro a cikinta.

Koci Aboabo: Don Allah mu dawo. Saura follow-through, yadda ƙafa ke wucewa bayan taɓawa har mutum ya sauka a kan wadda ya buga da ita.

Yaya Nima: Rakiya. Ka raka ta zuwa inda kake so. Wanda ya datse ƙafa nan take ya rage ƙarfi da saiti duka. A ƙara da cewa 'yan ƙasa da shekara 12 bol mai girman lamba 4 ce tasu. Lamba 5 giram 410 zuwa 450 ce, in an cika mata iska tana yi musu zafi, sai su koma dungura ta da yatsa.

Koci Aboabo: To: bugun doron ƙafa, da rakiya. Zan rubuta ƙwallo saboda Alhaji. Ƙafar da ke tsaye dai ba mu ba ta suna ba.

Alhaji Daidaito: Doro na raƙumi ne, amma ku je.

Malam Tafsiri: Ni dai in ta shiga raga, aradu zan ce.