Rigar "ie" ta Romaniya a lei 250: in saya ko in haƙura?

Ɗalibar Kuluj: Salamu alaikum. Bikin yayata ya matso, ina so in kai mata ie, farar rigar nan ta matan Romaniya mai aiki a kafaɗa. Mai shagon ta rantse aikin hannu ne, lei 250 (kuɗin Romaniya), ta ajiye min zuwa gobe kawai. In saya?

Baba Tela: Wa alaikumus salam, 'yata. Juya hannun rigar ki duba ciki. Mai aikin hannu zaren yadin take ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa bayan aikin ke fita tsaf. Na inji kuwa za ki ga farin zaren ƙasa, wani lokaci har da ragowar takardar da ake mannawa. Hannun kuma kashi uku ne: altiță, faffaɗan aikin kan kafaɗa, încreț, siririn layi a ƙarƙashinsa, yawanci fari ko rawaya, sai râuri, wato koguna, layukan da ke gangarowa zuwa wuyan hannu.

Anti Mai Lefe: Lei 250? Aikin da ke cin makonni, wani ma watanni? Ƙasa da 1,000 inji ne.

Ɗan Bukares: Haba Anti. A garin Breaza na Romaniya ana samun ta hannu a 600 in aikin bai cika yawa ba.

Anti Mai Lefe: Kai da ko maɓalli ba ka iya sawa ba?

Maman Biyu: Ku bar ta kuɗi, wanki ne ke kashe ta. Jan zare mai arha yana zuba a wankin farko, farin yadi ya koma ruwan hoda, ba kuma ya fita. Jiƙa farin tsumma ki goga a kan zaren tun a shago. Ruwan sanyi, wankin hannu, ba matsewa, guga ta baya.

Malam Na Gefe: Ko ta kai mata atamfa kowa ya huta.

Baba Tela: Abin da ke ci min rai daban ne. A 2017 kamfanin kayan sawa na Faransa, Dior, ya fitar da falmaran sak irin ta mutanen yankin Bihor na Romaniya, ko sunan yankin bai ambata ba. A 2024 ma aka yi ca a kan kamfanin Louis Vuitton saboda riga mai baƙin aiki irin ta yankin Sibiu. Alhali tun 2022 UNESCO ta sa rigar altiță cikin kayan gadon Romaniya da Moldoba.

Ɗan Bukares: Ai Yves Saint Laurent, mai tsara kayan sawan nan na Faransa, ma ya yi a 1981.

Anti Mai Lefe: Shi bai ɓoye daga inda ya ɗauko ba. Kwafe da sata ba ɗaya ba ne.

Ɗalibar Kuluj: Baba, na juya ta. Ba takarda, amma akwai farin zare a ƙasa. Ta sauko 200.